Ranar da Baba Ya Je Jarrabawar Aikin Kula da Tsofaffi

Killybegs, Donegal,
Farkon watan Nuwamba.

Zuwa ga Baffana Fintan,

Gaisuwa mai tarin yawa da ban girma. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Dolores da dukan iyali a can Perth. Ina fata gwiwar da aka yi maka aiki ta saki, ka daina bin bango, ka kuma daina yi wa Anti gardama a kan sanda. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ku tsawon rai mai albarka, ya tsare mana ku a wannan nisan da kuke.

Mu nan muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Mijina Dermot yana teku, jirginsu ya fita, kuma sun ce kifi ya yi kyau bana. 'Yarmu Orla ta shiga sakandare, ta yi tsawo har ta wuce ni, kuma ta gaji bakin gidanku sarai, ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba. Sanyi ya shigo da wuri. Ruwa kuwa ka san halinsa, ba sai na faɗa maka ba. An gyara rufin coci, Fada ya ce in gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran ka zo ka ga ko an yi aikin yadda kake so, tunda kai ne ka fi kowa surutu a kai.

Baffa, na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali muna magana ta waya. Na sha ɗaukar wayar da niyyar faɗa maka, sai in ji ka ɗauka kana dariya kana tambayar wa ya ci ƙwallo, sai in fasa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba, in Anti tana kusa ka kira ta. Maganar a kan Baba ce, yayanka. Yana raye, yana kan ƙafafunsa, yau ma ya ci abincinsa. Amma akwai magana, kuma ina so in ba ka ita tun daga tushe.

Ka san yadda ya bar teku lokacin da ɓarin jikin Mama ya shanye, ya zauna a gida yana jinyarta kusan shekara bakwai. Shi ke yi mata wanka, shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci a baki, har kitso ya koya don kada gashinta ya cukurkuɗe. Da ta rasu bara, sai gidan ya yi masa girma. Ina zuwa da safe in tarar ya dafa shayi ya zauna yana kallon wurin da gadonta yake. Ya yi wa katanga fenti, ya sake yi mata. Ya je neman aiki a tashar jiragen ruwa aka ce masa ya huta, shekara sittin da biyu ai ya yi nasa. Ya dawo ya ce mini, “Nuala, kowa cewa yake in huta. Me na yi musu da suke so in huta?”

Ana haka sai Philomena ta zo gaishe shi. Ita ce matar da ake turowa tana taya shi kula da Mama da safe, wataƙila ka gan ta a hotunan jana'iza, mai jan gashi. Suna shan shayi ta ce masa kamfanin da take wa aiki yana neman ma'aikata ido rufe, musamman maza, domin akwai tsofaffi da yawa a ƙauyukan nan da suke zaune su kaɗai, kuma wasu dattawan sun gwammace su yi wata ba wanka da a ce yarinya sa'ar jikarsu ce za ta tuɓe su. Ta ce masa, “Malachy, kai da ka iya aikin nan fiye da rabinmu, me kake yi a zaune kamar tsohon kwale-kwale?” Ta faɗa ne da wasa. Shi kuwa bai ɗauke ta da wasa ba.

Baffa, da ka gan shi a kwanakin nan da ka yi murna. Ya je aka yi masa aski. Ya sayi sabuwar riga mai ruwan sararin sama, ya rataye ta a bayan ƙofa ba ya bari kowa ya taɓa. Ya fara tafiya da ƙafa kowace safiya wai don bayansa ya yi ƙwari. Abokinku Packie ya samu abin yi, duk inda ya gan shi sai ya ɗaga murya ya ce, “Ga nas ɗinmu nan! Malachy, yaushe za a ba ka farar hula?” Baba ya ce masa ya ci gaba da dariya, ai shi ne na farko da zai faɗo hannunsa, kuma ranar da zai yi masa wanka da ruwan sanyi zai yi, da burushin wanke jirgi. A mashaya suke ranar, duk wurin ya ɗauki dariya. Rabon da in ji an kawo mini labarin dariyar Baba tun kafin Mama ta kwanta.

Sai dai aikin ba a ba da shi haka nan. Sai an binciki mutum a wurin 'yan sanda, sai ya kawo shaidar mutanen da suka san shi, sannan ya je ofishinsu a Letterkenny ya yi jarrabawa kashi biyu: ɗaya ta hannu, a ga yadda yake ɗaga mara lafiya da yadda yake magana da shi, ɗaya kuma a kwamfuta, ta karatu da ɗan lissafi da tambayoyi a kan abin da mutum zai yi in kaza ya faru. Binciken 'yan sanda ya fito fes, Baba ya ce ashe ba su san labarin keken Fada da ku biyu kuka jefa a ruwa ba. Fada na yanzu da likitan Mama suka rubuta masa shaida. Ta hannu ko a jikinsa, ya ce wannan ko ido a rufe. Ta kwamfutar ce ta dame shi, don haka na riƙa zuwa da yamma bayan na tashi daga aiki muna gwada irin tambayoyin tare.

Mun sha dariya a wannan gwajin. Za a ce tsoho ya ƙi shan magani, ga amsa huɗu, zaɓi ɗaya. Sai Baba ya ce a fara faɗa masa ɗan wane gari ne tsohon tukuna, don in mutumin Glenties ne babu amsar da za ta yi aiki. In ce, “Baba, don Allah ka zaɓa.” Ya zaɓa, kuma yawanci daidai. Amma wani lokaci sai mu gama tambaya, mu wuce, can sai ya ce mu koma waccan ta maganin ba mu yi ta ba. In ce mun yi. Sai ya ce ai gwada ni yake. Na ɗauka rashin sabo da kwamfuta ne da gajiya. Shi ma abin da ya bar ni na ɗauka ke nan.

Ranar jarrabawar na ɗauki hutu na kai shi da mota. Ya sa sabuwar rigar, ya shafa man gashin nan naku mai ƙamshin lemo. A hanya yana ta ba ni labarin yadda kuka taɓa zuwa Letterkenny a bayan motar kifi kuka isa kuna wari har mai shago ya kore ku. A ɗakin jira akwai wasu 'yan mata, da wani saurayi ɗan Indiya, da wata mata sa'ata. Kafin a kira su Baba ya san sunan kowa da garinsu, ya raba musu alewar da ke aljihunsa, ya ce wa wata da take rawar jiki ta kwantar da hankalinta, tsofaffi ba sa cizo, yawancinsu ma ba haƙora. Da aka kira sunansa ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya kashe mini ido ɗaya ya shiga.

Abin da ya faru a ciki ban gani da idona ba. Matar da ta yi musu jarrabawar ce ta faɗa mini daga baya, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Attracta, sauran kuma shi ya faɗa mini da bakinsa. An kwantar da wani ma'aikacinsu a gado a matsayin mara lafiya, aka ce Baba ya ɗauke shi da na'urar ɗagawa ya zaunar da shi a kujera. Irin na'urar da muke da ita a gida ce sak, wadda ya yi shekaru yana ɗaga Mama da ita safe da yamma. Attracta ta ce ya fara da kyau ƙwarai. Ya ƙwanƙwasa, ya gaisa, ya murza hannuwansa don su yi ɗumi kafin ya taɓa mutumin, ya ja bargo ya rufe masa ƙafafu ba tare da kowa ya ce ya yi ba, yana yi masa hira a hankali yana faɗa masa abin da zai yi. Ya juya shi, ya shimfiɗa zanen ɗagawar a ƙarƙashinsa. Sai ya ɗauki madaurin zai rataya a ƙugiya, sai ya tsaya.

Ya tsaya da madauri a hannu, Baffa. Yana kallon madaurin, yana kallon ƙugiyoyin. Ya kai hannu ya dawo da shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin igiya da ƙugiya, wanda ya koya maka ɗaurin jirgi, ya rasa wanne ke shiga wanne. Attracta ta ce masa kada ya damu, ya bi a hankali, kowa yana rikicewa. Ta nuna masa na farko. Ya rataya, ya ɗauki na biyu, ya sake tsayawa. Daga nan sai ya ajiye madaurin a kan gado a hankali, ya gyara wa mutumin bargo, ya ce masa, “Yi haƙuri, ɗana, ba zan ɗaga ka ba. Ba na ɗaga mutum in ban tabbata ba.”

Duk da haka ya shiga ta kwamfutar, don ka san shi, ba ya barin abu a rabi. Da na leƙa ta ƙofa sai na ga sauran suna ciki shi kuma babu shi, ashe ya fita ta wata ƙofa. Na same shi a wurin ajiye motoci, a tsaye cikin ruwa ba hula, kusa da wata mota da ba tamu ba. Sabuwar rigar ta jiƙe ta manne masa a jiki. Na ce, “Baba, har ka gama?” Ya ce, “Nuala, ina karanta tambayar ina gane ta. Kafin in kai ƙarshenta, farkon ya tafi. In koma in ɗauko farkon, ƙarshen ya tafi.” Ya faɗa ne ba tashin hankali, kamar yana ba ni labarin yanayin teku.

Na sa shi a mota na kunna masa ɗumi. Attracta ta fito da lema ta kira ni gefe. Mace ce mai hankali. Ta ce ita ba likita ba ce, kuma ba ta da hurumin faɗa mini komai, amma ta yi shekaru tana wannan aiki, in da mahaifinta ne da ba za ta bari wata ya ƙare ba ta kai shi an duba shi ba. Ta ce ƙofa a buɗe take in yana so ya sake gwadawa. Sannan ta riƙe hannuna ta ce da ta so a ce irinsa ne ya kula da nata uban. Na yi mata godiya, ban san ma me na ce ba.

A hanyar dawowa ya ce mu tsaya a garin Donegal mu ci kifi da soyayyen dankali. Muka zauna a mota muna ci, gilashi ya yi hazo. Ni na ajiye nawa. Sai ya ce, “Kin san ko mene ne, ni ma na sani. Irin na Kakanki ne.” Na ce kada ya yi wa kansa baki, gajiya ce, baƙin cikin Mama ne, mutum yana rikicewa. Ya bar ni na gama. Sannan ya faɗa mini cewa tun bazara ya fara gani. Wata rana ya fita zai je tashar jirage, ya tsaya a mararraba ya rasa hanya, a garin da aka haife shi. Wata rana ya tsinci butar shayi a cikin firiji. Ya ce ya yi ta gaya wa kansa kaɗaici ne, in ya samu aiki ya shiga mutane kansa zai dawo daidai. Ya ce, “In kuma ba zai dawo ba, na ce bari in yi wa wani amfani tukuna, ko shekara ɗaya ce, kafin in zama wanda ake yi wa.” Daga nan ya ce in ci kifina kada ya huce, tunda shi ya saya.

Kai ka ga yadda ciwon mantuwa ya yi da Kaka, ka fi ni sani, ni ina ƙarama a lokacin. Ba sai na yi maka bayani ba. Mun je wurin likita, ya tura mu asibiti, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka yi masa tambayoyi, aka ce ya zana agogo, ya riƙe wasu kalmomi ya maimaita. Ya ce wa likitar asibitin ko a makaranta bai sha jarrabawa irin ta bana ba, kuma a can ma aƙalla yana da Fintan a gefe yana leƙen amsarsa. Ta yi dariya, ni na fita waje. Makon jiya suka kira mu suka tabbatar. Sun ce yana farko-farko, sun ba shi magani da zai iya rage masa gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. Babu wanda zai iya cewa yaya saurinsa zai kasance. Sun ce kuma ya ajiye tuƙi, abin da ya fi komai yi masa ciwo a ranar.

Kamfanin sun kira suna tambaya ko zai sake zuwa. Shi ya karɓi wayar da kansa, ya gode musu, ya ce ba zai samu dama ba, ya kuma tambayi ko yarinyar nan mai rawar jiki ta ci. Aka ce ta ci, ya yi murna ƙwarai. Philomena ta zo tana kuka tana cewa ita ta jawo, da ba ta yi maganar ba. Ya ce mata ta share hawaye, ita ba ta sa masa komai a kai ba, kuma in lokaci ya yi ita yake so a turo masa, don ta san inda kofuna suke.

Packie kuwa, Baba ya hana ni faɗa masa, ya ce shi zai yi. Dermot yana wurin kafin su fita teku, shi ya ba ni labari. Suna shiga mashaya Packie ya ɗaga murya kamar kullum yana tambayar ina farar hular. Baba ya zauna kusa da shi ya faɗa masa a fili, gaban kowa. Packie ya daɗe yana juya kofinsa, sannan ya ce, “To madalla. Dama ni ba zan yarda ka wanke ni ba, da wannan hannun naka kamar dutse.” Ya miƙe ya ce zai je ya sha iska. Dermot ya bi shi ya same shi a bayan gini ya kifa kai a bango. Tun daga ranar kullum da safe yana zuwa ya ɗauki Baba su zaga bakin ruwa, suna tafe suna zagin juna.

Ni dai ina nan. Da rana ina iya riƙe kaina. Abin da ke karya ni shi ne har yanzu Baban da ka sani ne, Baffa. Yana ba da labari, yana tsokanar Orla, yana gasa burodinsa, jiya ma ya gyara mini famfo. In ka zauna da shi awa guda ba za ka ga komai ba. Sai can ya tambaye ka abin da ya tambaya ɗazu, ya ga fuskarka, ya gane, sai ya ce yi haƙuri. Wannan haƙurin da yake ba mu shi ne ba na iya ɗauka. Mun yi magana da Dermot, bayan Kirsimeti Baba zai dawo wurinmu da zama, ɗakin ƙasa muke gyara masa. Ya yarda, da sharaɗin ba za mu riƙa magana a kansa yana zaune kamar ba ya nan ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na san nisa, na san gwiwarka, na san ba ka samu zuwa jana'izar Mama ba kuma abin yana damunka har yau. Na san kuma kuna shirin zuwa nan da shekara biyu in Anti ta bar aiki. Baffa, kada ka jira shekara biyu. Ban san wa za ka tarar ba a lokacin. Ka zo yanzu, ko zuwa bazara in ya yi nisa, ka zauna da shi ku yi hirarku ta mutanen da ku biyu kaɗai kuka rage kuka sani. Akwai wurin kwana, akwai mota, ba abin da za ka ɗauko sai kanka. In ka kira shi kafin nan, kada ka canza masa murya, kada ka yi masa magana kamar mara lafiya. Ka tsokane shi yadda ka saba.

Ka gaishe mini da Anti Dolores da kyau, ka ce mata ina buƙatar addu'arta. Ka gaishe da ɗanku Declan da matarsa da jaririyarsu, Allah ya raya ta, da 'yarku Sinead in ta zo gida. Orla tana gaishe ku, Dermot ya bar sallahun gaisuwa kafin ya fita, Packie ya ce in faɗa maka wata magana da ba zan iya rubutawa ba. Allah ya tsare, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taku har kullum,
'yarka Nuala.

Ina shirin naɗe takardar Baba ya shigo daga lambu ya tambaye ni wa nake wa rubutu. Na faɗa masa, na kuma faɗa masa abin da na rubuta. Ya wanke hannu, ya karɓi biro, ya daɗe a tsaye. Abin da ke ƙasa rubutunsa ne, ban taɓa ko harafi ɗaya ba.

Fintan, ka zo gida tun ina iya gane mummunar fuskar nan taka. Yayanka, Malachy.